KOYAR DA YARAN FIRAMARE GUDUN GAJEREN ZANGO: ABIN DA MUKA KOYA A SANDAMU

GABATARWA

Kowace shekara, idan lokacin gasar wasanni tsakanin gidajen makaranta ya ƙarato, abu ɗaya mukan gani a makarantun firamare da yawa na ƙasar Daura. Ana saura mako guda sai malamin wasanni ya fito da yara fili, ya jera su, ya busa usur, su zuba a guje. Ukun da suka riga isa sai ya rubuta sunayensu, sauran kuwa ya ce su koma gindin darbejiya su zauna. Daga ranar nan har su gama aji shida ba mai sake kiransu gudu. Mu ma haka muka yi shekara da shekaru, lokacin da muke koyarwa a wata firamare a ƙaramar hukumar Sandamu, kafin mu dawo nan sakandare. A zatonmu koyar da gudu muke yi, ashe zaɓe kawai muke yi.

Abin da ya farkar da mu shi ne wani yaro ɗan aji biyar da muka kai gasar makarantu a Daura. Duk makarantarmu ba wanda ya kama ƙafarsa. Aka busa usur ya fita gaba, ya ba kowa rata, har mun fara murna. Da ya rage taki kaɗan ya kai sai ya waiwaya, ya rage gudu, ya tsaya cak a kan layi. Kafin ya tsaya yara biyu sun wuce shi. A mota muna komawa gida muka yi ta yi masa faɗa. Da muka yi shiru sai ya ce, "Malam, ai ba ku taɓa gaya mana a wuce layin ba. Na ɗauka a kansa ake tsayawa." Ba mu sami abin da za mu ce masa ba, domin gaskiya ya faɗa. Laifin namu ne.

Mun rubuta wannan darasi ne musamman saboda ɗalibanmu masu fita, waɗanda da yawansu za su shiga Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Katsina, ko ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma, su fito su riƙe aji. Haka kuma zai amfani 'yan'uwanmu malamai, da iyaye, da masu kula da yara a makarantar Lahadi. Maganar ɗaya ce: gudu abin koyo ne kamar karatu da lissafi, kuma kowane yaro a aji yana da hakkin a koya masa.

MENE NE GUDUN GAJEREN ZANGO?

Gudun gajeren zango shi ne tseren da mutum zai yi da iyakar ƙarfinsa tun daga farko har ƙarshe. A gasar manya ya ƙunshi mita 100, da mita 200, da mita 400. Saurin mai gudu ya dogara ne a kan abu biyu, wato tsawon takinsa da kuma yawan takin da zai iya yi cikin daƙiƙa ɗaya. A shekarar 2009, a birnin Balin na ƙasar Jamus, Usain Bolt ɗan Jamaika ya gama mita 100 cikin daƙiƙa 9.58, da taki 41 kacal. Idan muka raba 100 gida 41 za mu ga kowane taki ya kusa mita biyu da rabi. Wannan lissafi ne mai daɗi da za a iya ba 'yan aji shida a allo.

Tseren kansa ya kasu kashi huɗu: tashi, da ƙara wuta, da cikakken gudu, da ƙarasawa. Kowane kashi yana da nasa ƙa'ida, kowanne kuma ana iya koyar da shi shi kaɗai.

Gaskiya ne akwai baiwa. Wani yaron an haife shi da sauri fiye da wani. Amma baiwa ba ta rasa ba a ƙasarmu. Mutanen Jamaika ba su kai miliyan 3 ba, alhali ƙidayar 2006 ta nuna Jihar Katsina kaɗai ta haura miliyan 5. Abin da suka fi mu da shi shi ne sun ɗauki tseren makarantu da muhimmanci: gasar makarantun sakandarensu ta samo asali tun 1910. Nijeriya ma ta nuna abin da za ta iya. A wasannin Olamfik na 1992 a Basalona, mazanmu sun ci lambar azurfa a tseren miƙa sanda na mita 100 sau huɗu, matanmu kuma suka ci tagulla. A 1996 a Atlanta, muna 'yan makaranta muka ji a rediyo Mary Onyali ta ci tagulla a mita 200, Falilat Ogunkoya ta ci tagulla a mita 400, Chioma Ajunwa kuma ta ci zinariya a dogon tsalle. Dukansu akwai ranar da wani ya tsaya ya nuna musu yadda ake tashi da yadda ake kaɗa hannu.

SHIRYA FILI

Ba mu da filin tsere irin na birni, kuma ba ma bukatarsa. Ƙasarmu jigawa ce, saboda haka abu na farko shi ne a nemi wuri mai tauri a filin makaranta. Rairayi mai zurfi yana shanye ƙarfin yaro, yana kuma koya masa gudu da gajeren taki. Wuri mai tsawon mita 50 zuwa 60 ya isa.

Idan an dawo hutun damina, filin yakan cika da tsidau da ƙarangiya, yaranmu kuwa yawancinsu ba takalmi suke gudu. Darasin farko na zango, shara ce. A sa fartanya da tsintsiya, a tsince ƙaya da duwatsu da fasassun kwalabe, a cike ramuka. Gudu ba takalmi a wuri mai tsabta ya fi gudu da silifa, domin silifa tana sa yaro ya ƙanƙame yatsunsa, tana kuma iya kayar da shi.

Wajen awo, mukan ari tef ɗin tela mu auna igiya mai tsawon mita 10, mu ƙulla bakinta biyu. Da ita za a auna komai. Layuka kuwa da toka muke zana su. Kowane yaro ya zo da gwangwani ɗaya daga murhun gidansu. Faɗin hanyar kowane mai tsere a gasar manya mita 1.22 ne, amma ga yara mita ɗaya ya wadatar. A zana hanya shida ko takwas.

Lokaci mafi kyau shi ne da safe kafin rana ta yi zafi, musamman da bazara, daga Maris zuwa Mayu. Da hunturu kuma a ƙara lokacin ɗumama jiki saboda sanyin safiya, ranar da ƙura ta yi yawa a ɗage darasin. A ajiye bokitin ruwan sha mai murfi a inuwa.

ƊUMAMA JIKI

Kada a taɓa sa yaro ya yi gudu da iyakar ƙarfinsa daga fitowarsa aji. A fara da sassarfa a kewaye fili sau ɗaya ko biyu, a juya kafaɗu da ƙugu da idon sawu, sannan a yi wasa. Langa tana da amfani ƙwarai a nan, domin tana ƙarfafa idon sawu, tana kuma koya wa yaro tsayuwa a kan ƙafa ɗaya, gudu kuwa duk a kan ƙafa ɗaya ake yinsa, wannan ta sauka waccan ta tashi. A sa su canza ƙafa don kada ɗaya ta gaji. Malami ya lura da ƙafar da kowane yaro ya fi son tsayuwa a kanta. Za mu bukaci wannan idan mun zo maganar tashi.

MATAKI NA ƊAYA: KAI DA GANGAR JIKI

Yaro ya tsaya a miƙe kamar ana auna tsawonsa. Idonsa ya kalli gaba, haɓarsa kada ta ɗaga sama, kafaɗunsa su sauka. Kurakurai uku muka fi gani. Wani ya jefa kansa baya yana kallon sama, wani ya riƙa kaɗa kai hagu da dama, wani kuma ya cije haƙora ya ɗaure fuska. Duk wanda ya ɗaure fuska ya ɗaure wuyansa, wanda ya ɗaure wuya kuwa ya ɗaure kafaɗa, hannu ba zai tafi yadda ya kamata ba.

Maganin wannan mai sauƙi ne. A sa wani yaro ya tsaya a ƙarshen hanya yana ɗaga yatsu, mai gudu ya faɗi nawa ya gani idan ya iso. Wanda yake neman ƙirga yatsu ba zai kalli sama ba, ba kuma zai waiwaya ba.

MATAKI NA BIYU: HANNU

Yara sukan yi mamaki idan muka ce musu da hannu ake gudu. Amma haka ne, domin ƙafa tana bin saurin hannu. A lanƙwasa gwiwar hannu ta yi kusurwa irin ta littafi, a kaɗa hannun daga kafaɗa, gaba da baya. Mukan ce musu, "Daga kunci zuwa aljihu." Idan ƙafar dama ta yi gaba, hannun hagu ne zai yi gaba. Hannu kada ya gitta ƙirji, domin hakan yana murɗa jiki ya sa yaro ya riƙa fita daga hanyarsa.

Yatsu kuwa, kada a dunƙule su kamar za a yi dambe. Mukan ce kowa ya ɗauka yana riƙe da ƙwan zabo a kowane hannu, idan ya matse zai fashe, idan ya saki zai faɗi.

Ga yadda muke gwadawa. Yara su zauna a ƙasa su miƙe ƙafafu, su kaɗa hannu a hankali, sannan da sauri. Wanda ya miƙe gwiwar hannunsa zai ji yatsunsa suna bugun ƙasa, ba sai an gaya masa ba. Wanda ya yi daidai kuma zai ji jikinsa yana ɗan tashi daga ƙasa. Wannan yakan ba su dariya, amma daga ranar ba sa mantawa. Aji mai yara sittin ma za su iya yin wannan lokaci ɗaya.

MATAKI NA UKU: ƘAFA

A nan ya kamata malami ya fi daɗewa. Abu uku muke koyarwa.

Na ɗaya, a ɗaga gwiwa. Cinya ta tashi ta kusa daidaita da ƙugu. A fara da tafiya irin ta fareti, a tafi mita 10 ana ɗaga gwiwa, sannan a yi shi da ɗan tsalle, daga baya da sassarfa.

Na biyu, a sauka a kan gaban tafin ƙafa, wato wajen da yatsu suka haɗu da tafi. Mai sauka da diddige yana taka wa kansa birki ne a kowane taki. Amma kuma kada a ce wa yara su yi gudu a kan yatsu kamar masu sanɗa. Mun taɓa faɗin haka, washegari rabin ajin suna ciwon sha-raɓa. Malami ya saurari ƙasa. Gudu mai kyau ba ya da ƙara mai nauyi. Idan ka ji dif-dif kamar ana daka, da diddige ake sauka.

Na uku, ƙafa ta sauka ƙarƙashin jiki. Yaro da ya ji labarin Bolt zai so ya riƙa miƙa ƙafa can gaba don takinsa ya yi tsawo. Wannan rage masa gudu zai yi, domin ƙafar da ta sauka nesa da jiki sai ta tsayar da shi kafin ta tura shi. Tsawon taki yana zuwa ne daga ƙarfin da aka tura ƙasa baya da shi. Don su ji wannan a jikinsu, mukan sa su dafa bangon aji da hannu biyu, su karkata kamar masu tura mota, su riƙa ɗaga gwiwa ɗaya suna sauke ta da ƙarfi, suna canzawa idan an tafa.

Wani abin da ya taimake mu shi ne kara. Da kaka karan gero da na dawa ba sa wuya. A yanka guntaye goma sha biyu, a shimfiɗa su a ƙasa kamar tsani, tsakanin kowane biyu kamar tsawon tafin ƙafar yaro biyu. Yara su bi ta kai da sauri, ƙafa ɗaya a kowane gurbi, ba tare da sun taka kara ba. Bayan mako biyu a ƙara faɗin tsakani kaɗan. Wannan yana koyar da saurin taki da ɗaga ƙafa gaba ɗaya.

MATAKI NA HUƊU: TASHI

Umurnin tashi uku ne: "Kowa a kan layinsa," sai "A shirya," sannan usur. A koya wa yara su tsaya cik bayan umurni na biyu. A dokar gasar duniya tun daga 2010, wanda ya riga ƙarar bindiga tashi sau ɗaya an fitar da shi. Haka ta faru da Bolt kansa a gasar duniya ta 2011 a Koriya ta Kudu. A darasi ba ma fitar da yaro, sai dai mu dawo da kowa a sake, amma ya san dokar tun yanzu.

'Yan aji ɗaya zuwa huɗu tashi a tsaye ya dace da su. Ƙafar da yaro yake tsayawa a kanta a langa ita ce mai ƙarfi, ita za ta zauna gaba, dab da bayan layi. Ɗayar ta koma baya kamar tsawon tafi ɗaya. Gwiwoyi su ɗan lanƙwashe, jiki ya karkata gaba, hannun da ke gefen ƙafar baya ya zo gaba. Kuskuren da ya fi yawa shi ne yaro ya fara ja da baya taki ɗaya kafin ya yi gaba. Maganinsa shi ne wasan faɗuwa: ya haɗa ƙafafu ya tsaya a miƙe, ya karkata gaba a hankali kamar icen da aka sare, sai ya ji zai faɗi sannan ya fita a guje.

'Yan aji biyar da shida za su iya koyon tashi a durƙushe. A umurni na farko, ƙafar gaba ta zauna tsawon tafi biyu daga layi, ta baya tafi uku, gwiwar baya a ƙasa. Hannaye su dafa ƙasa bayan layi, faɗinsu daidai da kafaɗu, a kan yatsu, ba a kan tafi ba. A umurni na biyu, a ɗaga ƙugu ya ɗan fi kafaɗu tsawo, nauyi ya koma kan hannu, ido yana kallon ƙasa kaɗan gaban layi. Idan usur ya yi ƙara, a tura ƙasa da ƙafa biyu, a jefa hannu da ƙarfi.

Manyan 'yan tsere suna da ƙarfen da suke tokara ƙafa a jikinsa. Mu ba mu da shi, sai mu tona ƙananan ramuka biyu a ƙasa. Kada kowa ya raina wannan. Jesse Owens na Amurka, wanda ya ci zinariya huɗu a Olamfik na 1936, daga irin waɗannan ramuka ya tashi. Sai a 1948 a Landan aka fara amfani da ƙarfen a wasannin Olamfik. A tuna a cike ramukan bayan darasi.

Bayan tashi sai ƙara wuta. Kada yaro ya miƙe tsaye nan take. Takinsa na farko ya tafi a karkace, yana tura ƙasa baya, jikinsa yana miƙewa sannu a hankali har ya cika tsawonsa bayan taki takwas ko goma. Wanda ya miƙe tun takin farko ya zubar da amfanin durƙuson.

Don saurin jin umurni muna da wasan da muke kira Kura da Kurciya. Yara su yi layi biyu suna fuskantar juna, tsakaninsu mita biyu. Layi ɗaya kuraye ne, ɗaya kurciyoyi. Malami ya ja murya, "Kurrr...", sannan ya ƙarasa da sunan da ya ga dama. Waɗanda aka kira su juya su gudu zuwa layin da aka zana mita 15 bayansu, sauran su bi su kama. Ko mafi lalaci a aji yakan roƙa a sake.

MATAKI NA BIYAR: ƘARASAWA

Wannan shi ne darasin da yaronmu ya koya mana. A doka, ana ƙidaya mutum ya gama ne lokacin da gangar jikinsa ta kai layi. Kai, ko hannu, ko ƙafa ba sa cikin lissafi. Saboda haka ba amfanin miƙa hannu ko yin tsalle a kan layi. Tun daga wancan shekara muke zana layi na biyu mita biyar bayan na gaskiya, mu ce wa yara can ne ƙarshe. Dokokin uku ne: kada ka waiwaya, kada ka rage gudu, kada ka bar hanyarka sai ka wuce layi na biyu. Masu kallo kuma su ja gefe, kada su taru a gaban masu isowa.

TSAWON GUDU DA HUTU

Ko manyan gwanaye ba sa iya riƙe cikakken gudunsu har ƙarshen mita 100. Sukan kai iyakar saurinsu wajen tsakiyar tsere ko gaba kaɗan, daga nan su fara raguwa. To ina ga yaro ɗan shekara takwas? Idan aka sa shi mita 100 sau da yawa, gudun gajiyayye zai koya. Mu a namu aikin, 'yan aji ɗaya da biyu mita 20 zuwa 30 muke ba su, 'yan aji uku da huɗu mita 30 zuwa 40, 'yan aji biyar da shida mita 50 zuwa 60. Sau huɗu zuwa shida ya isa a darasi ɗaya. Wanda ya gama ya dawo a tafe ta gefen fili, ya shiga bayan layinsa. Kafin juyinsa ya zagayo ya huta.

TSEREN MIƘA SANDA

Wannan tsere yana ba yaro mara sauri wuri a cikin ƙungiya. Sandar gasa tsawonta santimita 28 zuwa 30 ne. Guntun fayif na roba ko kara mai kauri ya isa. Ƙanana su yi na gaba da gaba: layi biyu suna fuskantar juna, mai zuwa ya miƙa wa na gabansa. Manya su koyi karɓa suna cikin gudu, mai karɓa ya miƙa hannu baya ba tare da ya waiwaya ba, mai bayarwa ya ce "Karɓa!" Daga dama a ba hagu, daga hagu a ba dama. A raba masu sauri cikin ƙungiyoyi daban-daban don kada ƙungiya ɗaya ta riƙa ci kullum.

TSARIN DARASI

Darasin minti 35 mukan raba shi haka: minti 8 ɗumama jiki, minti 12 koyar da abu ɗaya tak, minti 10 tsere ko wasa, minti 5 tafiya a hankali da shan ruwa da tambayoyi. Mako na ɗaya kai da gangar jiki, na biyu hannu, na uku ƙafa, na huɗu tashi, na biyar ƙarasawa, na shida miƙa sanda. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. A fara tun farkon zango.

Malami ya nuna da jikinsa kafin ya yi bayani, kuma ya gyara kuskure ɗaya a lokaci ɗaya. Yaron da aka ce masa ya gyara kai da hannu da gwiwa gaba ɗaya zai rikice ya kasa ko gudun da ya saba.

A makon farko a auna kowane yaro a mita 30 da agogon wayar hannu, a rubuta a littafi. A mako na shida a sake. Kowa ya gwada sabon lokacinsa da tsohon. Mun ga yaran da kullum su ne na ƙarshe suna tsalle don murna saboda sun rage wani abu daga lokacinsu. Wata rana kuma a yi tseren rata, inda marasa sauri za su tashi mita uku ko biyar gaban sauran, don kowa ya ɗanɗana yadda ake fafatawa har layi.

'YAN MATA

A da mukan bar 'yan mata a inuwa suna tafi. Wannan ma zaɓe ne. Da muka zauna da ƙungiyar iyaye da malamai, muka gane yawancin iyaye ba gudun suke ƙi ba, sutura ce damuwarsu. Muka yarda 'yan mata su sa dogon wando ƙarƙashin riga, masu hijabi su sa gajere wanda ba zai harɗe su ba, manyan aji kuma wata malama ta kula da su a gefensu. Daga nan aka sami natsuwa. A gaya musu kuma labarin Tobi Amusan, wadda ta kafa tarihin duniya a tseren tsallake shinge na mita 100 a 2022, da daƙiƙa 12.12.

LAFIYAR YARA

Kafin a fara, malami ya tambayi iyaye wane yaro ne yake da sikila ko asma, wane ne kuma bai daɗe da tashi daga zazzaɓi ba. Irin waɗannan a bi shawarar ma'aikacin lafiya; za su iya riƙe agogo ko busa usur, kada su ga an ware su. A tambaya wa ya zo bai karya ba. Da watan azumi, 'yan aji biyar da shida da yawa suna azumi, sai mu taƙaita ga aikin hannu da koyon tsayuwar tashi a inuwa, mu bar tsere sai bayan Salla. Yaron da ya ce yana jin jiri, ko ciwon ƙirji, a tsayar da shi nan take.

Abu na ƙarshe, kada a hukunta yaro da gudu ko tsallen kwaɗo. Wanda aka sa ya kewaye fili don ya makara zai ɗauki gudu horo ne, ba zai so shi ba.

KAMMALAWA

Yaron nan da ya tsaya a kan layi ya sake zuwa gasa da yana aji shida. Bai zo na ɗaya ba, na biyu ya zo, amma sai da ya wuce layi da nisa sannan ya tsaya, ya juyo yana neman mu da ido. Mun fi jin daɗin wannan fiye da kofi.

Ku da za ku fita bana, wata rana za a miƙa muku usur da yara sittin. Ba duka za su zama gwanaye ba, kamar yadda ba duk wanda muka koya wa lissafi ne zai zama injiniya ba, amma ba mu taɓa korar yaro daga darasin lissafi don wani ya fi shi ba. Igiya, da toka, da kara, da haƙuri, su ne kayan aikin. Allah ya ba ku ikon riƙe amanar yaran mutane.

TAMBAYOYIN BITA

1. Waɗanne abubuwa biyu ne saurin mai gudu ya dogara a kansu?
2. Me ya sa miƙa ƙafa can gaba yake rage gudu?
3. Bayyana bambancin tashi a tsaye da tashi a durƙushe, ka kuma faɗi ajin da kowanne ya dace da shi.
4. Mene ne amfanin zana layi na biyu bayan layin ƙarshe?
5. Tsara darasin minti 35 don koya wa 'yan aji uku kaɗa hannu.